Gizo a Ƙofar Asibitin Beguwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Wata shekara aka yi damina mai albarka a dajin Manyan Dawa. Rake ya yi kauri a fadama, zuma ta cika kogon itatuwa har tana tsiyaya, kanya da ɗinya kuwa sai da yara suka gaji da tsinta. Aka sha zaƙi aka kwana da shi a baki, ba mai waiwayar aswaki. Kafin shamuwa ta dawo da wata daminar, ciwon haƙori ya shiga gida-gida.

Likitar haƙori ɗaya ce tal a dajin, Beguwa, mai asibiti a gindin wata kuka da ke ƙetaren rafi. Allurarta a jikinta take, hannunta kuma yana da sauƙi, sai dai ita kaɗai ce, layi kuwa tun asuba yake kaiwa bakin ruwa. Da abin ya fi ƙarfinta sai ta je fada, ta faɗi ta yi gaisuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, a agaza mini da mai tsaron ƙofa, wanda zai riƙa ba da kati yana shigo da marasa lafiya bi da bi."

Zaki bai gama gyaran murya ba Gizo ya zube a gabansa. Kun dai san shi da tsamin baki. "Yanka ya daɗe, Manyan Dawa, ga ni. Ba na bayci, ba na cin hanci." Duka biyun ƙarya ne, amma ba wanda ya nemi aikin sai shi, aka miƙa masa makulli.

Ranar farko ya kafa doka: wanda ya fi ihu shi ya fi ciwo, shi zai fara shiga. Kowa ya ji ya ce wannan adalci ne, don wa zai fasa maƙogwaronsa a banza? Doka ta biyu, ana kiran magariba ƙofa ta rufu sai gobe, alhali Beguwa a cikin kukar take kwana, kuma ba ta taɓa cewa kar a tashe ta ba. Ta uku bai faɗa wa kowa ba. A bayan danga ya shimfiɗa 'yar tabarma ya jera kwalabe, yana tare waɗanda suka gaji da layi da waɗanda ke tsoron filaya.

Kura tana cikin masu tsoron filaya. Wani matauninta na ƙasa, can ƙurya, ya daɗe da yin kogo. Da farko sai ta sha ruwan randa yake sokinta, kafin ta haɗiye ya wuce. Da a lokacin ta je, da Beguwa ta kankare ruɓar ta cike kogon ta sallame ta kafin hantsi. Ba ta je ba, ta koma tauna da ɗaya ɓarin. Sannu a hankali ciwon ya daina jiran ruwan sanyi, ya koma zuwa da kansa, musamman tsakar dare in ta kwanta, yana zugi har cikin kunne. Ta tura kanumfari, ya lafa mata na ɗan lokaci. Ta danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi ta kwana da ita, wurin ya ƙone ya yi fari fat, haƙori kuwa yana nan da zuginsa.

Ranar da ta zo ƙofa, da ihu za a bi babu mai shan gabanta. Amma Gizo ya ja ta gefe. "Shannu, Kuya. Kin shan abin da ke cin haƙoyin nan? Tsutsa ce. In kika shiga ciki fizge shi za a yi. Ni kuwa tsutsay kawai zan fitay." Ya tsoma auduga a wata kwalba da ya haɗa ruwan batir da kanwa da garin taba, ya cusa mata a kogon. Da ya zaro sai ga tsutsotsi uku farare suna motsi a tafin hannunsa, waɗanda tun safe ya tsamo daga ruɓaɓɓen mangwaro ya ɓoye a ƙarƙashin farce. Kura ta yi salati, ta biya shi da cinya guda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kwana biyu ta yi tana birgima, harshe da dasashi duk sun saɓule. A na uku ciwo ya ɗauke ɗif. Ta shiga kasuwa tana yabon Malam Gizo, tana cewa layin Beguwa na marasa wayo ne.

Bari in tsaya a nan kaɗan, don a wannan gaɓar ce ake yawan ruɗuwa. Babu wata tsutsa a haƙori. A cikin kowane haƙori akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da jijiya da hanyoyin jini. In ruɓa ta kai can, jijiyar takan kumbura a wurin da babu sararin kumbura, shi ne zugin da ke hana barci. In ta gaji ta mutu sai zugi ya tsaya. Amma ƙwayoyin cutar da suka kashe ta ba su je ko'ina ba, yanzu ma suka samu wurin zama, suna gangarawa ta saiwa zuwa ƙashin muƙamuƙi. Haƙorin da ya sha zugi ya yi shiru da kansa ba warkewa ya yi ba.

Haka kuwa aka yi. Bayan 'yan makonni Kura ta fara jin haƙorin ya fi sauran tsawo, in ta cije ya amsa. Wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi, ya fashe, ya bar mata ɗaci da wari a baki. Ta sayi kafso ja da rawaya a wajen mai talla, ta sha biyu, ta ajiye sauran sai wani jiƙon.

A makon nan ne Tunkiya ta zo daga wata ruga mai nisa goye da ɗanta. Bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, ya rame sai ido, dasashinsa na zubar da jini in an taɓa, bakinsa na wani irin wari. Yaron ba ya kuka, don ba shi da ƙarfin kukan. Gizo ya toshe hanci ya ce ta je ta wanke masa baki. Kwana uku tana bin layi masu ihu suna wuce ta. Ta gaji ta koma gida, tsofaffi suka ce iska ce, aka shiga turare.

Ranar Juma'a da la'asar, 'ya'yan Birinya biyu suna kan mangwaro reshe ya karye da su. Suka zo ƙasa ta baki. Da uwar ta iso a guje sai ta tarar kowanne ya zubar da haƙorin gaba guda, babban wanda ya riga ya yi famfara, da ƙaramin da bai kai ba. Ta tsince haƙoran daga ƙasa tana kururuwa, jama'a suka taru, kowa da shawararsa.

Kada ya ɗago kai daga rafi ya ce, "Ki jefar kawai, wani zai fito. Ni ban ma san adadin da na zubar ba." Zomo ya ce nasa kullum tsawo suke ƙarawa, in bai gwaguya ba ma su dame shi. Giwa ta ce ita sau 6 ake ba ta matauni a rayuwa, me za a tayar da hankali a kan guda ɗaya? Kowannensu gaskiyar bakinsa ya faɗa, sai dai bakinsa ba bakin biri ba ne. Biri da ɗan Adam sau biyu kacal ake ba su: 20 na nono, waɗanda a ɗan Adam ke fara zuba wajen shekara 6, sai 32 na zama. In na zama ya tafi, babu na uku.

Birinya ta ɗebi yashi za ta dirje haƙoran ta ƙulle a gefen zani, sai ga Shamuwa ta sauko da ƙarfi har tana tayar da ƙura. Ita ba ta da haƙori ko ɗaya, amma duk damina a kan kukar Beguwa take sheƙa, kuma kunnenta ba ya hutu.

"Ke uwar yara, tsaya! Kar ki goge. Wanne ne na babban? Riƙe shi ta kai, wajen farin da ake gani in an yi dariya. Kar yatsanki ya taɓa saiwar."

"Duk ƙasa ce a jikinsa, baiwar Allah."

"Na gani. A jikin saiwar nan akwai wata 'yar fata mai rai da ido ba ya gani sosai, ita ce za ta sake kama ƙashi. In kika dirje ta, ta mutu. In ta bushe, ta mutu. Ɗauraye shi kaɗan, ki mayar da shi raminsa yanzu, ya ciji ƙyalle mu tafi."

Birinya ta kai hannu, ta ga jini, hannun ya hau rawa. Ta ce ba za ta iya ba. Shamuwa ba ta tsaya lallashi ba, ta ce to a kawo madara. Wata ta miƙo ƙwaryar nono, Shamuwa ta ce banda mai tsami. Wani ya ɗebo ruwan rafi ya ce a tsoma a ciki, ta ce zama cikin ruwa zalla ma kashe fatar yake yi. In madara ta gagara, yaron ya tofa yawunsa a ƙoƙo a saka haƙorin a ciki, ya fi ruwa. Saniya da ke tsaye a gefe ta ce, "Ga ni kuna neman madara?" Aka tatso a ƙoƙo, aka jefa haƙorin.

"Yanzu gudu," in ji Shamuwa. "Wanda aka mayar cikin minti 30 ya fi saurin kamawa. Wanda ya yi awa 1 a bushe da wuya ya zauna. Madarar nan jinkiri kawai ta saya mana."

Suka iso ƙofa suna haki. Jinin yaran ya tsaya, kuka ma ya koma ajiyar zuciya. Gizo ya dube su sheƙeƙe ya ce, "Ina ihun? Ku bi layi." Shamuwa ba ta ce masa uffan ba, ta tsallake danga ta sama. Ba a jima ba Beguwa ta fito da kanta, ta harari Gizo ta ce za su yi magana, ta ja yaran ciki.

Ba haƙorin ta fara dubawa ba. Ta tambayi uwar, "Da suka faɗo, akwai wanda ya suma? Akwai wanda ya yi amai, ko yake magana ba kan gado?" Aka ce babu. Ta sa kowanne ya haɗa haƙoransa, ta ga na sama sun zauna daidai a kan na ƙasa, muƙamuƙi bai karye ba. Sannan ta yi wa babban allurar kashe zafi, ta wanke ramin da ruwan gishiri, ta zura haƙorin a hankali har ya yi daidai da ɗan'uwansa, ta ɗaure shi da wata siririyar waya a jikin maƙwabtansa. Ta ce wayar za ta yi mako 2, abinci sai mai laushi, kunu da fate, ban da gatsa. Ta yi masa allurar tetanus saboda ƙasar da haƙorin ya sha, ta ce lallai su dawo kafin a cire wayar, don sau da yawa jijiyar irin wannan haƙori ba ta farfaɗowa, sai an cire ta an cike gurbinta.

Birinya ta kwance gefen zani. "Likita, ga na ƙanensa."

"Wannan ba a mayar da shi. Na nono ne. A ƙarƙashin ramin nan na zaman yana kwance yana jiran lokacinsa, in na tura wannan ciki zan iya ɓata wancan. Ya yi ta yawo da giɓinsa, ba abin da zai same shi."

Ƙaramin ya fashe da kuka don an sa wa yayansa waya shi ba a sa masa ba.

Maganar da Beguwa ta ce za su yi da Gizo ba ta samu ba, don har magariba ba ta ɗaga kai ba. Aka rufe ƙofa. Bayan isha'i, Ƙoƙi matar Gizo ta ɗauko tuwon maigidanta ta ƙetare rafi, ta tarar da mutum uku a waje. Jaki yana kuka yana harbin iska, ana jin sa har fadama. Rago yana tsugune yana tofar da jini. Can gefe, a jikin danga, Kura ce zaune shiru, ɗanta na riƙe da ita. Gizo kuwa yana ciniki da Jaki ta kafar ƙofa a kan nawa zai bayar a buɗe masa.

Zaman Kurar ne bai kwanta wa Ƙoƙi a rai ba. Ta tanƙwaso gaba, ta dafa gwiwoyi, ta miƙe wuya, yawu yana dalala daga bakinta ba ta ko gogewa. Ƙoƙi ta ajiye kwano ta matsa.

"Yaya Kura, lafiya?"

Kura ta yi magana, amma muryar a dushe take, ba a gane komai. Ƙoƙi ta ɗora hannu a ƙarƙashin haɓarta. Zafi rau, kumburi hagu da dama har ya gangara wuya, ga tauri kamar katako. Ta ce ta buɗe baki, da ƙyar ya buɗu faɗin yatsa ɗaya, harshe ya taso ya manne a sama.

"Malam, buɗe ƙofar nan."

"Ai ba ta ihu, Ƙoƙi. Ta dawo yan Litinin." Ya san in Kura ta shiga, maganar kwalabe za ta fito.

Ƙoƙi ta ɗauki murfin kwano da ludayi ta hau bugawa a jikin kuka, tana kiran Likita, har Beguwa ta fito da fitila. Kallo ɗaya ta yi wa Kura barci ya washe daga idonta.

"Kai yaro, tun yaushe?"

"Shekaranjiya kuncin Inna ya fara hawa. Jiya zazzaɓi da rawar sanyi. Yau da la'asar ko ruwa ya ƙi wucewa. Da ta kwanta sai numfashi ya sarƙe, shi ne ta tashi zaune."

Beguwa ta yi wa Kura allura tana bayani, ba don Kura ba, don Ƙoƙi da ta ga tana saurare. Ta ce saiwar mataunan ƙasa na ƙurya tana da zurfi, in mugunya ta huda ƙashi ta can, ba waje take fitowa ba, ƙarƙashin harshe take malala. Sai ta tura harshe sama da baya, ya je ya danne hanyar numfashi. Ta ce na sama kuma in suka yi nasu, wajen ido suke nufa, in ka ga kumburin haƙori ya rufe ido shi ma ba a kwana da shi. Likitocin 'yan Adam suna kiran irin na Kura da sunan Ludwig, wani likitan Jamus da ya bayyana shi a 1836, kuma kafin a samu magungunan kashe ƙwayoyin cuta fiye da rabin waɗanda ya kama ba sa tashi.

"Wannan ya wuce gindin kuka," in ji ta. "Sai babban asibiti mai ɗakin tiyata, inda za a tsare mata numfashi, a ba ta magani ta jijiya, a tsaga a fitar da mugunyar, a cire haƙorin. Kafso kaɗai ba ya warkar da wannan matuƙar tushen yana nan. Kar a kwantar da ita a hanya, kar a ɗura mata komai, kar kuma wani ya ce zai gasa wurin ko ya kai ta wajen wanzami. Wa zai ɗauke ta?"

Aka yi tsit. Beguwa ta juya ga Jaki, ta haska bakinsa. Kogo ne, jijiya ta kumbura, amma kunci bai hau ba, jiki ba zafi, baki kuwa yana buɗuwa har ana hango maƙogwaro.

"Malam Jaki, ciwonka gaskiya ne, a daren nan ma kai ka fi kowa jin zafi. Amma naka zai kai safiya, nata ba zai kai ba. Ga farasitamol, haɗiye shi za ka yi, ba danna shi a haƙori ba. Gobe kai ne na farko. Yanzu ka durƙusa."

"Likita, ni? In goyi Kura? Da daddare? A daji?"

"Dubi bakinta. Ko yatsa biyu ba ya shiga. Tun da aka haife ka ba ka taɓa samun daren da ya kai wannan aminci ba."

Jaki ya leƙa, ya sake leƙawa, ya yi bismillah ya durƙusa. Aka ɗora Kura a zaune, ɗanta ya hau baya ya tallafe ta, Shamuwa ta tashi gaba don ta sanar kafin su isa.

Shi Rago da safe aka cire masa haƙori, ya wuni yana kurkure baki yana tofarwa yana zungurar wurin da harshe, duk gudan jinin da ya taru zai toshe ramin sai ya wanke shi. Beguwa ta naɗe tsaftataccen ƙyalle ta ɗora a ramin, ta ce ya cije da ƙarfi minti 30, ba magana, ba leƙawa. Jini ya tsaya. Ta ce da an yi haka sau biyu bai tsaya ba, da shi ma ya bi sawun Jaki.

Kafin asuba aka shiga da Kura tiyata. Ta tashi da tsaga biyu a ƙarƙashin haɓa da 'yar roba tana tsiyayar da mugunya, haƙorin da ta ƙi bayarwa kuma an cire shi. Sai da ta haura mako a kwance. Ranar da ta iya magana ta aika wa Zaki, aka buga tambari, aka tara jama'a, aka zube kwalaben Gizo a tsakar fada.

Ana cikin jin ba'asi sai wata murya ta taso daga baya. "Allah ya ja zamanin sarki, ni ma ina da magana." Tunkiya ce. Ta kwance goyo ta yaye ƙyallen da ta rufe fuskar ɗanta. Kuncin ya kumbura, tsakiyarsa ya yi baƙi ya zurma, ana hango haƙora ta waje. Fada ta yi jugum.

Beguwa ta durƙusa gaban yaron ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta ce noma ce, zaizayar baki. Ta ce ranar da aka fara kawo shi, lokacin da dasashi ne kawai ke jini da wari, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Wannan cuta kwanaki take ƙirgawa, ba watanni ba. Shamuwa ta ce ta sha ganinta a garuruwan 'yan Adam, ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda yunwa ta ci, sannan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya biyo baya, kuma in ba a yi magani ba, cikin 10 har 9 kan iya rasuwa. Ta ce a Sakkwato akwai asibiti sukutum na yaran da ta kama tun 1999, inda ake gyara musu fuska, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka daɗe ana sakaci da su. Nan take aka ɗauki yaron. Ya rayu, amma gyaran kuncin sai da ya girma kaɗan, kuma ba tiyata ɗaya ba.

Zaki ya waiwaya zai yanke hukunci, Beguwa ta ce a saurara mata. "Ranka ya daɗe, kwalaben nasa ne, amma ƙofar tawa ce. Na ba shi makulli ban gaya masa abin da zai duba ba." Zaki ya ce ya ji. Aka farfasa kwalabe, aka ɗora wa Gizo jidar ruwan asibiti daga rafi har shamuwa ta tafi ta dawo, aka miƙa wa Ƙoƙi makulli. Ita kuwa ta rataye shi a ƙusa, ba ta sake kulle ƙofar ba.

Ana nan, ana nan, wani dare cikin sanyi sai ga ihu daga bakin rafi. Gizo ne, ya ɗaure kai da rawani yana birgima. Kada a tambaye ni inda gizo ya samu haƙori, a tatsuniya har wando yake sawa.

"Wayyo Ƙoƙi, na mutu! Tashi Likita!"

"Sannu, Malam. Zauna. Karɓi ruwa." Ya shanye ludayi guda tas. Ta taɓa goshinsa, ta shafa ƙarƙashin haɓarsa hagu da dama, ta duba idonsa. "Buɗe baki." Ya wangame shi. "Faɗuwa ka yi? Jini yake?"

"A'a, amma numfashina zai ɗauke!"

"Mai ihun da ake ji a ƙetaren rafi numfashinsa kalau yake. Ga farasitamol, ga gishiri ka kurkure da ruwan ɗumi, ka kwanta ka ɗaga kai. Ga katinka, lamba 1, gobe da sassafe. In ya yi shiru kafin safiya ma sai ka zo, ka ga yadda ta kasance da Yaya Kura. In kuwa kunci ya hau, ko zazzaɓi ya rufe ka, ko haɗiya ta gagara, ka dawo ko ƙarfe biyun dare ne."

Yana cikin magiya sai ƙasa ta fara girgiza. Dorina ce tafe, ba ta cewa komai, bakinta a wangame, yawu na zuba. Ɗanta ya ce tun bayan isha'i ta yi hamma muƙamuƙi ya goce, baki ya ƙi rufuwa. Ƙoƙi ta ture Gizo gefe, ta buɗe ƙyauren duka biyu, ta ɗauki ludayi ta buga kuka.

Beguwa ta fito tana naɗa ƙyalle a manyan yatsunta, don da su ake danna muƙamuƙi ya koma mazauninsa. Ta ɗaga fitila ta dubi bakin Dorina, ta dubi 'yan yatsunta, ta ce, "Ƙoƙi, aika a taso mini Giwa."

Ƙurunƙus kan kusu.